Ra'ayi: Kafin talaka ya sayi tabilet, a tambayi wa zai ciyar da ita

Duk shekara idan hutun damina ya zo ƙarshe aka fara shirin komawa lakol, jerin kayan da iyaye ke nema wa yara sai ƙara tsawo yake yi. A da kaye ne da bik da allo. Yanzu a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa an samu ƙarin abu guda da ba a rubuta shi a takardar kayan makaranta, amma kowane yaro ya san da shi, wato na'urar hawa intanet. Mushe ya buɗe wa aji gurup a WhatsApp, can yake tura darasi da tsofaffin tambayoyin BEPC da BAC. Ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni ko ta Dan Dicko Dankoulodo yana karɓar littattafai masu shafi ɗari-ɗari a waya, saboda kuɗin fotokopi ya fi ƙarfinsa. Sanarwar ɗaukar aiki da ta tallafin karatu ma a intanet suke fara fitowa. Yaron da gidansu ba na'ura sai ya jira abokinsa ya gama, ko ya jira mahaifinsa ya dawo daga kasuwa da dare.

Wannan ne ya sa ƙaramar kwamfutar hannu, wadda aka fi sani da tabilet, ta shiga cikin burin gidaje masu ƙaramin ƙarfi. Burin yana da hujja. Fuskarta ta fi ta salula faɗi, yaro zai karanta shafi ba tare da ya matse ido ba. Tana zama a gida, ba ta bin maigida zuwa wurin nema. Kuma a gidajen da waya ɗaya ce tak, a aljihun namiji, tabilet ɗin gida ita ce na'ura ta farko da za ta kai hannun uwa da ƴaƴa mata.

Sai dai yawancin maganar da ake yi a kanta, daga hirar fada har zuwa alƙawuran masu ba da agaji, ta tsaya ne kan farashin saye. Wanda ya taɓa kiwon doki ya san ranar saye ita ce rana mafi sauƙi. Daga washegari ne harawa da dusa da kanwa ke fara neman kuɗi. Tabilet ma haka take. Tana cin mega, tana cin wuta, tana neman gyara. Gidan da ba shi da hanyar ciyar da ita duk wata, cikin ɗan lokaci za ta koma madubi a ƙasan akwati. Saboda haka duk mai son ɗan talaka ya shiga intanet, gwamnati ce ko kamfani ko ɗan uwa da ke ƙetare, daga kuɗin wata-wata ya kamata ya fara lissafi.

Lissafin da ba a yi a bakin kanti

Tun daga Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata, wato 42,000 na sefa, bayan ya shafe shekaru yana kan 30,047. Mafi yawan magidanta ma ba albashi suke ɗauka ba: ƴan kabu-kabu ne, teloli, masu tireda, leburori da manoma, waɗanda samunsu na yau ba ya tabbatar da na gobe.

A ɗauki misali kawai. Magidanci ya tara jaka 50 ya sayi sabuwar tabilet mai matsakaicin ƙarfi. Yara na sa mata forfe na dala ɗari sau biyu a mako, wato jaka ɗaya duk mako. A shekara ya zama jaka 52, ya riga ya haura kuɗin na'urar kanta. Idan gidan ba kuran, ana kai ta wurin mai caji a biya dala ashirin sau uku a mako, ga wasu jaka 15 da ɗoriya. Gilashi ya fashe sau ɗaya, abin da ba makawa a gidan da yara biyar ke rububin abu ɗaya, a ce gyara ya ci jaka 12. Jimilla a shekarar farko ta kusa jaka 130, fiye da albashin wata uku cur na mai ɗaukar mafi ƙarancin albashi. A cikin wannan kuɗi, farashin tabilet ɗin bai kai rabi ba.

Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yaɗa intanet ta sa ma'auni: bai kamata intanet na matakin farko ya ci fiye da kashi 2 cikin 100 na matsakaicin kuɗin shigar mutum a wata ba. A Nijar matsakaicin kuɗin shigar mutum ɗaya a shekara yana wajen dalar Amurka 600, wato kamar jaka 30 a wata. Kashi 2 cikin 100 na wannan bai wuce sefa 600 ba. Kowa ya san kwana nawa forfe na sefa 600 ke yi a hannun ɗalibin da ke sauke darasi. Tazarar da ke tsakanin wannan ma'auni da abin da ake biya a zahiri ita ce ta bar mafi yawan ƴan ƙasa a wajen intanet, har a unguwannin da rezo ke cike.

Talaka ya fi mai kuɗi sayen mega da tsada

Akwai wani rashin adalci da aka saba da shi har aka daina ganinsa. Kamfanoni huɗu ke raba kasuwar salula a ƙasar nan: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ya gaji Orange, da Niger Telecoms na gwamnati. Tsarin farashi a wannan sana'a kusan iri ɗaya ne ko'ina: wanda ya sayi babban forfe na wata, kowane mega na zo masa da sauƙi, wanda ya sayi ƙarami na kwana ɗaya, mega na zo masa da tsada, kuma idan awa 24 ta cika abin da ya rage ya tafi. Ma'aikacin banki da ke iya fitar da jaka 10 a tashi ɗaya shi ke cin rangwame. Mai sayar da ƙosai da ke saye da dala ashirin-ashirin ita ke biyan farashi mafi tsada. Daidai yake da mai sayen gero tiya-tiya da mai sayen buhu, da bambanci guda: geron da aka auna ba ya ɓacewa da tsakar dare.

Abin ya fi ciwo idan aka haɗa da matsalar rezo. Mutum ya sa forfe na kwana ɗaya da safe, koneksiyon ta ɗauke har yamma, wa'adi ya cika, kuɗi ya tafi, aiki bai yiwu ba. Babu wani ɗan kasuwa a Kasuwar Dole ko babbar kasuwar Maraɗi da zai karɓi kuɗi ya hana kaya sannan ya ce lokaci ya wuce. A watan Janairun 2023, lokacin da aka sauya farashin forfe, ƙorafin matasa da ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye ya yi ƙarfi har sai da hukumar ARCEP mai sa ido kan sadarwa ta fito ta yi magana. Wannan ya nuna jama'a sun daina kallon mega a matsayin kayan alatu.

Su ma kamfanonin suna da nasu uzuri, kuma adalci ne a faɗe shi. Nijar ba ta da gaɓar teku, sai ta bi ta ƙasashen maƙwabta kafin ta kai ga manyan wayoyin da ke ƙarƙashin ruwa, kuma kowane mataki kuɗi ne. Ranar 14 ga Maris 2024, da wasu daga cikin waɗannan wayoyi suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, an ji a jika har nan. Ƙasar na da faɗin sama da murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, eriya da yawa da gazuwal ko hasken rana suke aiki, wasu kuma suna yankunan da rashin tsaro ya hana injiniyoyi zuwa. Ga haraji. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana bayyana dalilin da ya sa mega ba zai zama kyauta ba. Amma bai bayyana dalilin da zai sa megan da aka riga aka biya ya mutu cikin kwana ɗaya ba.

Rabon kyauta ya sha gwaji

Duk lokacin da aka tada maganar nan, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce gwamnati ko wata ƙungiya ta raba wa yara tabilet kyauta. Hoton bikin rabo yana da kyau a talabijin. Amma wasu ƙasashe sun riga sun bi wannan hanya, kuma sakamakonsu a rubuce yake.

Ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci ga ƴan firamare a ƙarƙashin shirin kowane yaro da kwamfutarsa. A 2012 Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar da sakamakon binciken da aka yi a makarantun karkara 319. Yara sun iya sarrafa na'urar, amma bayan wata 15 ba a ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. Yawancin makarantun ba su da intanet, malamai kuma ba su samu isasshen horo kan yadda za su haɗa na'urar da darasi ba. Indiya ta ƙaddamar da tabilet mai suna Aakash a 2011, aka yi ta yayata cewa ɗalibi zai same ta a kan dalar Amurka 35. Ba a daɗe ba koke ya yi yawa kan rashin sauri da batir mai saurin mutuwa. Hausawa sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Ƴan uwa mazauna Amurka kuwa sun ga wani darasin da idonsu. Shirin gwamnatin ƙasar na ACP yana rage wa gida mai ƙaramin ƙarfi dala 30 a kuɗin intanet duk wata, da rangwamen da ya kai dala 100 wajen sayen tabilet ko kwamfuta. Gidaje sama da miliyan 23 suka shiga. Shirin ya fahimci cewa kuɗin wata shi ne matsalar, amma ya dogara da kasafin da majalisa ta ware sau ɗaya. Da kuɗin ya ƙare, aka rufe shi a watan Yunin 2024. Idan ƙasa mafi arziki a duniya ta kasa riƙe tallafin wata-wata, bai kamata ƙasar da ke fama da kasafin tsaro da na abinci ta gina fatan yaranta a kan irinsa ba.

Abin da ya fi dacewa a duba ma a gida aka yi shi. A 2009 da 2010, a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, an gwada shirin ABC na yaƙi da jahilci, wanda ƙungiyar CRS ta gudanar tare da masu bincike irin su Jenny Aker ta jami'ar Tufts. Manya ne ke koyon karatu da lissafi cikin Hausa da Zabarmanci. A wasu azuzuwan an ƙara musu da koyon amfani da ƙaramar salula mai maɓalli, wadda ɗalibai ke karɓa-karɓa a tsakaninsu. Waɗanda suka yi karatu da salula sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Na'urar mai arha ce, ta haɗin gwiwa ce, akwai malami, darasin kuma cikin harshen da mutane ke ji ne. Waɗannan su ne sharuɗɗan da suka sa ta yi amfani, kuma ba su canja ba don na'ura ta ƙara faɗi.

Ba wuta, ba karatu

Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Masu layin NIGELEC ɗin ma sun san yadda watannin Afrilu da Mayu suke, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wuta na zuwa tana ɗaukewa. Ba a manta da abin da ya faru daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024 ba, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take turowa saboda takunkumin CEDEAO. Batir ɗin tabilet ya fi na salula girma, yana daɗewa kafin ya cika, kuma zafi na kumbura shi. Gidan da ba shi da tabbacin wuta, ƙaramin pano na hasken rana da zai iya caji ya cancanci shiga lissafi tun ranar farko. Sau da yawa shi ya kamata a fara saye, domin zai ba da fitilar karatu da dare, ya kuma tsayar da kuɗin mai caji.

Abin da ke hannun hukuma

Akwai matakan da ba sa buƙatar bikin rabo, kuma za su kai ga gidaje fiye da duk wani rabo.

Na farko, wa'adin mega. Afirka ta Kudu ta kafa ƙa'ida tun 2019 da ta tilasta wa kamfanoni su ba mai saye damar ɗage megan da bai yi amfani da shi ba zuwa gaba, ko ya tura wa wani. ARCEP na da ikon tsara irin wannan. Idan aka ce duk wanda ya sabunta forfe kafin wa'adi ya cika ragowarsa za ta bi shi, kuma duk ranar da rezo ya ɗauke na sa'o'i a ƙara wa mutane lokaci, talaka zai ga sauƙi ba tare da baitulmali ya fitar da ko dala ba. Haka nan a tilasta wa kowane kamfani ya rubuta farashin giga ɗaya a gefen kowane forfe, yadda mai saye zai gane wanne ne ya fi masa.

Na biyu, haraji a kan na'urori masu arha. Duk tabilet ko salular da ta shigo ta hanyar doka tana biyan kuɗin duwan, ga harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Kenya ta cire harajin kashi 16 a kan wayoyi a 2009, cinikinsu ya ninka fiye da sau biyu. Maƙwabciya Cadi ta yafe harajin shigo da wayoyi, tabilet da kayan intanet na tsawon shekara biyar daga farkon 2022. Masu kula da kasafi za su ce ba lokacin yafe haraji ba ne, kuma damuwarsu a fili take. Amma ba a ce a yafe wa mai sayen waya ta jaka 500 ba. A sa iyaka, a ce na'urar da ba ta wuce wani ƙayyadadden farashi ba ita kaɗai za ta ci moriya. Da ma kaso mai yawa na irin waɗannan na'urori ta ɓarauniyar hanya suke shigowa, ba haraji, ba garanti. Kuma duk wanda ya samu na'ura zai riƙa sayen kredi da forfe, waɗanda gwamnati ke karɓar haraji a kansu duk rana.

Na uku, kuɗin da aka riga aka ware. Doka ta tanadi asusun kai sadarwa ga kowa, wanda kamfanonin waya ke zuba wa kaso daga cinikinsu. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 don shirin ƙauyuka masu fasahar zamani da hukumar ANSI ke jagoranta a lokacin. Ga kuma aikin shimfiɗa wayar fibar ta sama da kilomita 1,000 da ke ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, da nufin haɗa Nijar da Aljeriya, Cadi, Najeriya, Benin da Burkina Faso. Jama'a na da haƙƙin sanin nawa ke shiga asusun duk shekara da inda yake tafiya. Kuma ma'aunin nasarar fibar shi ne ranar da kolej da lise na gwamnati, ɗakunan karatu da gidajen matasa da al'adu suka samu wifi da ɗalibi zai shiga kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Wuri ɗaya mai wuta da koneksiyon a unguwa zai yi wa yara ɗari biyar aiki, ya kuma daɗe fiye da tabilet ɗari biyar da aka raba aka tafi.

Na huɗu, abin da za a karanta. Tun Maris 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a ƙarƙashin sabon kundin sake gina ƙasa. Ma'aikatar ilimi za ta iya tattara littattafan manhaja, tsofaffin tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu, da bayanin darussa cikin Hausa da sauran harsunan gida, ta sa su a shafi guda, ta daidaita da kamfanoni cewa shiga wannan shafi ba ya cin mega. Rufe makarantu daga Maris zuwa Yunin 2020 saboda korona ya isa ya nuna illar rashin irin wannan tanadi.

Abin da ke hannun gida da unguwa

Kafin hukuma ta motsa, gidaje ba za su naɗe hannu ba. Abu na farko shi ne a tsaya a tambayi me za a yi da na'urar. Idan don kira da WhatsApp da ciniki ne, salula mai faɗin fuska irin su Itel da Tecno ta wadatar, kayan gyaranta kuma sun fi samuwa a kowace kasuwa. Idan don karatun yara ne, tabilet ta fi, amma a tabbata tana da wurin sa layi da wurin sa memori. Wadda ba ta ɗaukar layi sai da wifi, a gidan da ba wifi, rabin na'ura ce.

A yi hattara da tabilet ɗin yara masu launi da ba a san sunan kamfaninsu ba, waɗanda ake rubuta manyan alƙaluma a kwalinsu alhali cikinsu ba haka yake ba. A tafi da wanda ya san na'ura, a kunna ta a gaban mai kanti, a sa layi a ga ta kama rezo, a nemi rasit da kwanakin garanti a rubuce. Okaziyo mai suna da ke da lafiya ta fi sabuwa marar asali. A sayi riga da gilashin kariya a ranar, domin kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin canja fuska ba. Sayen nagari, in ji masu magana, mayar da kuɗi gida ne.

Wajen tara kuɗin, ba sai an je nesa ba. A wasu ƙasashe kamar Kenya da Najeriya akwai kamfanonin da ke ba da waya a biya kullum-kullum, ranar da aka kasa biya su kulle ta daga nesa, kuma jimillar abin da ake biya ta fi farashin kanti. Nijar na da nata tsarin da ya girmi wannan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, su ne suka zama abin koyi ga asusun mata a ƙasashe da dama. Adashen mutum goma da ke zuba jaka biyar-biyar a wata zai ba kowa na'urarsa cikin wata goma, babu wanda zai kulle ta. Idan suka haɗu suka saya wuri ɗaya, bakinsu wajen ciniki ma ya fi ƙarfi.

Wajen mega kuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun da Starlink ya fara aiki a hukumance a Maris 2025, wuraren sayar da tikitin wifi sun ƙaru a birane da garuruwa. Kayan aikinsa da kuɗinsa na wata sun fi ƙarfin gida ɗaya na talaka nesa ba kusa ba. Amma a ce kuɗin wata jaka 25 ne, gidaje 25 suka raba, kowa jaka ɗaya zai biya, abin da gidan misalin da aka kawo a sama ke kashewa a mako guda. Fadojin matasa da ke haɗa kuɗin shayi da sukari kullum sun riga sun san yadda ake tafiyar da irin wannan. Abin da ake buƙata daga ARCEP shi ne izini mai sauƙi da arha ga waɗannan ƙananan masu rabawa, da ƙa'idar da za ta kare mai saye, maimakon a bar su cikin ɗar-ɗar.

Sannan a koyi zama ba tare da koneksiyon ba kullum. Tabilet ɗin karatu ba ta buƙatar intanet kowace sa'a. A je wurin wifi sau ɗaya a mako a sauke darussa da littattafai, sauran kwanakin a yi karatu a gida. Ɗalibi ɗaya ya sauke, ya tura wa goma ta Xender ko Bluetooth ba tare da an ƙona mega ba. Manhajar Kiwix na ba da damar ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta babu intanet. A kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, a rage ingancin hoton bidiyo, a hana manhajoji sabunta kansu sai a wifi. Bidiyo ne ke cinye mafi yawan mega, kuma a nan ne iyaye ke da aiki: tabilet ɗin da aka saya don BEPC, idan ba ido a kanta, TikTok za ta yi wa hidima. A ajiye ta a tsakar gida, a sa lokaci, a kuma tabbata rabon ƴaƴa mata bai zama sai abin da maza suka rage ba.

Sai maganar ƴan damfara. Saƙonnin da ke yawo cewa gwamnati, ko wata hukumar duniya, ko kamfanin waya na raba tabilet ko giga 50 kyauta, a latsa nan a tura wa mutum ashirin, tarko ne. Ana neman lambar sirri ta asusun kuɗin waya ne, ko lambar da za a ƙwace WhatsApp da ita, ko a ce a turo kuɗin rajista. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Shirin gaskiya ana jin sa a rediyo, ana ganin sa a ofishin magajin gari ko wurin daraktan makaranta.

Ga ƴan uwa da ke ƙetare

Tabilet da yawa da ke gidajen talakawa tsaraba ce daga Kano, Legas, Abijan, Aljeriya, Libiya, Saudiyya ko Turai. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa kyautar na zuwa da matsala. Wata an kulle ta da layin kamfanin can. Wata tana ɗauke da asusun tsohon mai ita, babu mai iya buɗewa. Wata ta tsufa har WhatsApp ya daina aiki a kanta. Wata kuma ta zo da caja mai bakin Amurka ko Ingila da ba ya shiga soket ɗin gida. Kafin a ba direba ko ɗan uwa mai tafiya saƙo, a cire asusu, a buɗe layi, a gwada manhajojin da za a yi aiki da su, a cika memori da littattafai tun daga can inda wifi ke da arha.

Mafi muhimmanci, mai aikowa ya yanke shawara kan abincinta. Wanda ke da jaka 100 da zai kashe, gara ya sayi na'urar jaka 50 ya ware sauran don forfe da pano, da ya sayi ta jaka 100 ya bar wa tsohuwa nauyin da ba ta nema ba. Yau ana iya sa wa layin gida kredi daga waje, ko a tura ta Nita, Amana ko Al Izza, a ce wannan na karatun yara ne. Jaka biyu da ke zuwa kowane farkon wata ba fashi ta fi babbar kyautar sallah da ba ta da na biyu. Ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya da ke zaune a waje, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don gina masallaci ko haƙa rijiya, za su iya ɗaukar nauyin wifi da pano na kolej ɗin garinsu na shekara guda, su ɗora wa kwamitin iyaye alhakin kula da shi.

Rabin al'ummar Nijar ba su wuce shekara 15 ba. Waɗannan yara za su nemi aiki, su yi ciniki, su rubuta jarrabawa tare da takwarorinsu na Dakar, Kano da Nairobi da suka tashi da intanet a hannu. Ɗan mai hali a Plateau ya riga ya shiga. Ɗan mai kabu-kabu a Zariya ta Maraɗi ko Garin Malam na Damagaram zai shiga ne ranar da mega ya daina mutuwa da tsakar dare, aka sauke haraji daga kan na'urar talaka, kuma aka samu wuri mai wuta da koneksiyon da zai taka da ƙafa daga gidansu. Duk wanda ya zo da alƙawarin tabilet, ɗan siyasa ne ko ƙungiya ko kawu daga Turai, a yi masa godiya, sannan a tambaye shi wa zai biya na wata mai zuwa.